Ɗanyar Laka a Bakin Wuƙa

Tsofaffin wuƙaƙen aljihu ne jere a kan farin ƙyalle, a shagon Alhaji Babaji mai kayan tarihi da ke Gobarau. Fiddausi ya kira ta ɗauke su hoto don masu saye na nesa. Tana gyara kyamara, shi kuma yana zuba labari.

“Irin waɗannan, sojojin Turai aka fara ƙera wa,” in ji shi, yana buɗe wata mai baƙar ƙota. “Ga bakin buɗe gwangwani, ga na kwance bindiga. Daga baya aka ƙara almakashi da zarto.”

Ta matso da kyamara har ƙotar ta cika fuskar gilashin. Abin da ido ya raina sai ya fito ƙarara: sawun ƙananan haƙora, da giɓi a tsakiya.

Sawun haƙoranta ne. Tana ƙarama ta taka kwalba, mahaifinta Malam Sagiru ya ba ta ƙotar wuƙarsa ta ciza yayin da yake zaro mata tsinin. Shi kuwa ginin rijiya ne sana'arsa. Shekaru ashirin ke nan da wata rijiya ta rufta da shi a bayan gari. Aka yi ta tono har aka haƙura, aka yi masa salla babu gawa. Da wuƙar a aljihunsa ya shiga.

Ta ƙara matsowa. A lungun da bakunan ke naɗewa akwai jar laka. Ta taɓa da farce. Ɗanya ce, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka.

“Alhaji, wannan daga ina?”

“Jiya bayan la'asar wani ya kawo ta. Dogo, siriri, kafaɗarsa ɗaya a karkace. Na yi masa tayi, ya ce shi ba sayarwa ya zo ba, in ajiye, mai ita za ta zo.” Ya ƙara da cewa, “Ya tambaye ni hanyar Ƙofar Sauri, wai gari ya sauya masa. Lafiya dai, 'yata?”

Ya naɗe wuƙar a takarda ya miƙa mata, bai sake tambaya ba.

A gidansu na Ƙofar Guga ta tarar da mahaifiyarta, Dije, tana tsince shinkafa. Ta ajiye mata wuƙar a kan faifai, ta faɗi abin da ta ji. Ta zaci kuka, ko salati. Dije ta juya ƙotar, ta shinshina lakar, ta daɗe.

“Inna, wataƙila wani ne ya tsinta. Kama da wane ba ta wane.”

“Hagu ko dama?”

“Me?”

“Kafaɗar.”

Fiddausi ta kira Alhaji Babaji a waya. Da ta kashe, ba ta ɗaga kai ba. “Hagu.”

Dije ta ture faifan, ta karkaɗe zaninta, ta ɗauko mayafi.

“Inna, ina za ki?”

“Tsohon gida, Ƙofar Sauri,” in ji ta, tana neman takalminta. “Ai bai san mun tashi ba.”