Murfin Kwamfutar Malam Ubaidullah

Shekara talatin da biyu Malam Ubaidullah ya yi yana buga tafireta a ma'aikata, kuma bai taɓa tashi ya bar ta a buɗe ba, ko fitsari zai zaga. Yanzu ya yi ritaya, idanu sun dushe, amma hannun nan bai manta ba. Duk abin da ke da murfi a gidansa na Unguwar Shanu, sai ya rufe shi.

Matarsa Hasiya ta rasu bara. Abin da ya rage masa nata shi ne kasakasai shida da ta riƙa aika masa lokacin da aka tura shi kwas Ikko, tana ba shi labarin gida. 'Yarsu Nafisat ce ta kai aka juye su cikin kwamfutarta ta hannu. Kullum da safe za ta kunna masa, ta fice ofis da sauri don kada ta ji hirar iyayenta. Shi kuma sai ya rufe murfin, ya ɗora kwamfutar a cinya, Hasiya ta yi ta zuba har azahar. Da haka yake cin yininsa.

Nafisat 'yar fari ce, shi kuwa mutumin da. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", ga ta da shekara talatin da tara. Roƙonta wani abu kuwa, ai ko a mafarki.

Ranar wata Laraba, a hanyarta ta zuwa aiki, ta kai Kawo ta tuna ta bar katin ofis a gida. Da ta dawo ta yi sallama, sai ta tarar da shi ya kara kwamfutar a kunne, ɗakin tsit.

"Baba, ba ta magana ne?"

"Tana hutawa," in ji shi.

"Tun yaushe take hutawar?"

Ya sauke kwamfutar daga kunne. "Yau kwana goma sha biyu."

Ranta ya ɓaci, har ta ji ƙwalla. Kwana goma sha biyu tana dawowa tana tambayarsa ya gida, yana ce mata alhamdu lillahi! Ashe da ya rufe murfin muryar take ɗaukewa. In ya buɗe, sai kwamfutar ta nemi kalmar sirri, shi kuma ba ya gani. Ya ɗauka shi ya lalata wa yarinya kayan aiki, sai ya haɗiye abinsa.

Ta ajiye jaka ta zauna a kan tabarma. Ta san da hannunta ta taɓa saita kwamfutar kada ta yi barci in an rufe ta. Ta shiga wajen tsarin wuta da batir, ta duba sama da ƙasa. Zaɓin ya yi ɓatan dabo. Tsari ɗaya tal ya rage, maganar murfi kuwa ko alamarta.

Ta kira Umar na sashen kwamfuta a ofishinsu, ta yi masa bayani.

"Hajiya, ta sabunta kanta kwanan nan?"

"Ta yi, wancan makon."

"To shi ne. Wani lokaci sai zaɓuɓɓukan su ɓuya. Zan turo miki layi biyu. Ki buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, da izinin mai kwamfuta, ki rubuta su daidai. Na farko zai dawo da tsare-tsaren asali, na biyu ya fito da na murfin."

Ta fara rubutawa, ƙwas, ƙwas, tana duba waya.

"Da yatsa biyu?" in ji Malam Ubaidullah. "Ina jin ki. A zamaninmu da an mayar da ke masinja."

Ta yi dariya, ta kuskure harafi, ta sake. Ta kashe ta kunna. Sai ga zaɓuɓɓukan sun dawo reras. Ta nemo inda aka tambayi abin da za a yi in an rufe murfi, ta zaɓi kada a yi komai, ko a wuta ko a batir.

Saura gwaji, kuma gwajin ba ya yiwuwa sai ta tsaya ta ji. Ta kunna kaset na uku, inda ya tsaya, ta miƙa masa. Ya rufe murfin a hankali.

Muryar ba ta yanke ba.

"...ta fara tafiya, Malam, jiya taku huɗu ta yi. Na ce mata Babanki na nan dawowa. Kai da ba ka faɗin sunanta a gaban mutane, ka ɗauka ban san kana raɗa mata shi a kunne ba in na shiga kicin? Nafisatu, Nafisatu, har da waƙa..."

Nafisat ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, daɗi kuma ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta laluba jakarta za ta miƙe.

"Uwarki ta cika surutu," in ji shi, yana goge ido da bakin hula. Ya matsa gefe a kan tabarmar. "Ofis ba zai gudu ba. Zauna ki ji sauran."