Dalmar Malam Nababa

"Da dunƙulen dalma ya ɗura ranar, da Sharhabilu na nan da ransa."

Mardiya na aji biyu a sakandare ta ji wata mai tuwo ta faɗi haka a kasuwar Lafiya. Matar ba ta san 'yar Nababa maharbi ce tsaye a bayanta ba. Shekara shida ke nan maganar na zaune a ƙirjinta. Abin da aka sani a gida kawai, ɓauna ce ta kashe Baffa Sharhabilu, ƙanin babanta, ran da suka shiga daji su biyu.

Yau da hantsi ga Iorfa, wani manomi daga wajen Awe, a tsakar gidan su Mardiya a garin Azuba. Ɓauna ta addabi shinkafarsu, gobe yake so Nababa ya bi shi. Har da bindiga mai baki biyu ya aro, sai ƙyalli take.

Mardiya na bakin murhu tana tsince wake, kunnenta na wajensu.

Baba bai ko ɗaga bindigar ba. Harsashi ɗaya ya zaro, ya farke shi da wuƙa, ya zazzage a tafin hannu. Ƙananan ƙwayoyi suka zubo.

"Iorfa, zabi za mu harba ko ɓauna?"

"Haba Baba, wannan na kanti ne fa! Sabo fil!"

"Gero ne. Ka watsa mata wannan, haushi kawai za ka ba ta. Ta shige ciyawa ta laɓe, ta jira wanda ya biyo jininta."

Iorfa ya sosa ƙeya. "To Baba, ni dai ina bayanka gobe. Can nesa."

Suka yi dariya. Mardiya ba ta yi ba.

Baba ya jawo tsohuwar bindigarsa ta toka, ya ce Mardiya ta ba shi wuta. Ya narka dalmar tsohon batirin mota a gwangwani, ya tsiyaya cikin ramukan da ya yi a yumɓu. Da suka huce ya riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya a bakin bindigar. Wanda ya faɗa ciki sululu, a mayar da shi wuta. Wanda ya cije, shi ma wuta. Sai wanda ya shiga da ɗan turin babban yatsa. Cikin tara, biyu ya ajiye. Ita kam ba ta taɓa ganin mai haƙurin babanta ba.

Bayan Iorfa ya tafi, Baba ya ci gaba da goge dunƙulen da tsumma, ya daɗe a kan guda ɗaya. Gobe da asuba zai fita, kuma ɓauna ɓauna ce. In ba ta tambaya yau ba, ƙila shi ke nan.

Ta ajiye tiren wake, ta durƙusa gefensa.

"Baba."

"Na'am, Mardiya."

"Ran da Baffa ya rasu, me ka ɗura a bindigarka?"