Kan Gidanmu a Buhun Taki

Duk wanda ya ce mini ƙanena Amos mutumin kirki ne, sai in ce ya matsa can. Ni Dorkas, ni na goya shi, na san abin da na goya.

Gidanmu yana gefen Dayi. Ni da Amos mun shiga coci tun muna yara, amma uwarmu Tsohuwa, wadda muke kira Inna, ta tsaya kan al'adar iyayenta Maguzawa. Kan gidanmu damo ne, wato dabbar da zuriyarmu ba ta kashewa, ba ta ci. Akwai wani tsohon damo a ƙarƙashin rumbunmu tun zamanin babanmu, Inna tana kiransa Kaka. Bayan ta makance, kullum da safe sai ta lallaba ta ajiye masa ɗanyen ƙwai, da hantsi ta koma ta shafa ɓawon. In ta ji fanko, ranar har waƙa take yi. Abin da ya rage mata a duniya ke nan.

Da damunar 1978 masu bincike suka zo daga wata jami'a, shugabarsu Malama Folake, Bayarabiya ce haihuwar Funtua, Hausa a bakinta raɗau. Suka ce suna so su san namun daji da tsuntsayen da suka rage a ƙasarmu, kuma da mutanen gari za a yi aikin. Kowace yamma a taru a firamare, kowa ya faɗi abin da ya gani da inda ya gan shi. Wanda ya fara kawo labarin wata dabba, a rubuta sunansa kusa da ita.

Nan fa ciwon ya taso. Mudi maharbi, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi ke da tunku, shi ke da bushiya, shi ke da gauraka. Malam Amos kuwa, malamin makaranta mai tabarau, duk abin da ya ambata sai a ce an riga shi. Mutane suka fara tsokanarsa, wai ya faɗi alli ko za a karɓa.

Wata yamma ya miƙe ya ce akwai farin damo a gidanmu, irin da ba a taɓa gani ba. Malama Folake ta ce, "Madalla. Kai mu gobe mu ɗauki hoto, ba za mu taɓa shi ba."

Inna ta ce atafau, ba baƙon da zai leƙa Kaka. Ni ma na ce masa, "Amos, ka bar tsohuwar nan da abinta."

Ya ce, "Yaya, ƙadangare ne fa. Har yaushe za mu zauna cikin duhu?"

Washegari da rana ina gona, Inna tana barci, ya zura wa damon zarge ya fizgo shi. Dabbar ta yi ta bugun ƙasa da wutsiya. Don kada Inna ta farka, ya ɗauki ƙotar fartanya ya maka masa a ka. Ya cusa shi a buhun taki, ya saɓa sai firamare.

Da yamma ina wurin taron aka kwance buhun. Malama Folake ta leƙa, ta ja da baya.

"Wa ya ce ka kashe shi? Hoto na ce!"

Ta juya gawar da sanda, ta ce ba wani farin damo, tsufa ne da tsohuwar fata da ta fara saɓulewa. Damo ne kamar kowane damo, kuma an riga an rubuta shi da sunan Mudi.

Kun san abin da ɗan'uwan nawa ya tambaya? Wai, "To, sunana fa?"

Aka kwashe da dariya. Mudi ya ce tunda ba mai so, shi yana so. Nan bayan aji ya feɗe shi, aka hura wuta. Na tsaya ina jin ƙaurin abin da na tashi ina gaisarwa, na yi kuka har na gode Allah.

Da safe Inna ta ajiye ƙwai. Da hantsi ta shafa, ƙwai yana nan. Ta ce ƙila Kaka ya ƙoshi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ta daina cin tuwo, ta koma gindin rumbu da zama, tana kiransa tana ba shi haƙuri.

Na kasa jurewa, na faɗa mata gaskiya tsaf. Ta laluɓo bakina ta make.

"Amos? Yaron da Kaka ya kwanta kusa da shi yana jariri ya kore masa maciji? Rufe mini baki, hassada ce ke cin ki."

Sai ta shiga neman mai laifi, ta kuwa samu. Ta tuna da Kirsimetin bara, da muka yi ta roƙonta har ta yarda muka ja ta zuwa coci sau ɗaya. Ta ce ita ce. Ita ta juya wa Kaka baya, shi ma ya juya wa gida baya.

Ranar Lahadi Amos ya fito cikin farar riga zai tafi sujada. Ta ji takunsa ta kira shi. Ta riga ta rame ƙwarai, hannunta kamar kara. Ta kama ƙafar wandonsa.

"Ɗana, na cuce ka. Na kore maka mai tsaronka. Ka yafe mini."

Na zuba masa ido. Wallahi na ɗauka yanzu zai durƙusa ya faɗi abin da ya yi. Ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya zare wandonsa daga hannunta a hankali.

Ya ce, "Ba komai, Inna. Na yafe miki."

Ita kuwa ta yi ta sa masa albarka har ya fita daga gidan.