Gurbin Sunan Mai Horarwa

"Sunan wa ka sa a gurbin mai horarwa?" in ji Badamasi.

Marwan ya sunkuyar da kai yana naɗe takardar gasar harbi ta Jidda. "Na Hamad, Kawu. Ma'alesh, ka yi haƙuri, sai da lambar iƙama suke karɓa."

Badamasi ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, don tun hajjin da ya kawo shi daga Tawa bai koma ba. Shekara biyu ke nan, duk Juma'a bayan la'asar, yana koya wa ɗan ƙanwarsa harbin faifan laka a wani fili bayan iyakar Harami, kamar yadda yake harbin zabi a gida: kada ka bi shi, tare gabansa. Hamad kuwa, wanda ke raka su filin, danna na'urar cilla faifan kaɗai ya iya.

"Ka zo ka zauna cikin 'yan kallo mana," in ji Marwan. "Ni ai na san wanda ya koya mini."

Badamasi ya dubi fasassun faifai birjik a kan yashi.

"Ka je Jidda ka ci, Allah ya dafa. Ni dai na bar zuwa filin nan daga yau."