Bijimaina da Motar Jamusawa

A garinmu na bakin teku a Chile, bijimai ke jawo kwale-kwale zuwa tudu. Nawa biyu ne, kuma da wannan aiki na tsufa.

Wata safiya wasu Jamusawa, Torben da matarsa Wiebke, suka shigo da motarsu mai gado da murhu har kan jiƙaƙƙen yashi, wai don hoto. Matar ta ga ina tsikarar bijimi ɗaya da sanda, ta taso mini.

"Kai tsoho, ba ka jin kunya? Wannan zalunci ne!"

Na ci gaba da aikina. Ba na musu da wanda bai taɓa ciyar da ko akuya ba.

Da la'asar teku ta fara cikowa, motar ta ƙi tashi. Torben ya buɗe inji ya tsaya kallonsa kamar mai duba rijiya. Da ruwa ya kai tayoyi, ya rugo wurina.

"Baba Eleuterio, taimaka! Gidanmu ke nan gaba ɗaya."

Na ce, "Bijimai na hutawa. Matarka ta ba su hutu."

"Baba, don Allah!" in ji matar, da ta biyo shi.

Na ɗaura igiya tsakanin motar da bijiman, na miƙa mata sandar. "Ni azzalumi ne, 'yata. Ke ki lallashe su."

Ta shafa musu wuya, ko motsi. Igiyar ruwa ta shiga motar ta jiƙa katifa. Nan take Wiebke ta zabga wa babban bijimin sanda har sau uku, tana ihu. Motar ta fito.

Na karɓe sandata. Ni ban taɓa dukansu haka ba.