Ledar Jinin Divine

"Oga Mode, sake gwadawa! Na'urar nan taka ce ba ta karya kumallo ba."

Muntasir ya miƙa yatsa karo na biyu. Mode mai gwajin jini ko ɗagowa bai yi ba.

"Ko sau goma na soke ka, jininka bai kai ba. Yaushe rabonka da bayarwa?"

Nan Muntasir ya kau da kai. Shi da duk tashar kabu-kabu ta Zuru ba a taɓa kayar da shi a zance ba.

Jinin don Divine ne, ɗiyar maƙwabtansa Philip da Keziah, katanga ɗaya ta raba su. Shekararta tara, kuma tun tana goye ake ƙara mata jini duk wata. Mutane na cewa sikila ce, Keziah har ta gaji da gyara musu: talasimiya sunan abin, jikin ne ba ya yin jini mai ƙwari. Ga shi jinin nata irin mai wuyar samu ne. Mutum uku kacal suka dace da ita, suna karɓa-karɓa, kowa sai ya huta wata uku: wani soja a bariki, da Aaron ɗan uwan Philip a Dabai, sai Muntasir.

Duk ranar da ya bayar, Keziah za ta tare shi da kwalbar malt da gwangwanin madara, wai su maida abin da aka ɗiba.

"Maman Divine, ni fa don wannan nake zuwa," in ji shi. "Ke kuma Madam, jinina ya fi na Babanki yawa a jikinki. Kwanan nan za ki fara gudu ba birki."

"Shi ya sa na fara ƙarya, Kawu," Divine ta kan ce, tana dariya tana dafe da cikinta mai tauri.

Wannan watan nasa ne. Amma sati biyu da suka wuce ya ɗauko wani mutumin Mahuta, matarsa na naƙuda jini ya ɓalle. Aka gwada jinin Muntasir, ya dace. Ya bayar, ya kwana uku yana cika baki a tasha. Da safiyar yau kuwa ya shanye malt biyu da madara, ya bi da zoɓo, a zatonsa kafin ya iso asibiti jinin ya ciko.

"Malt ba famfo ba ne," Mode ya ce da ya ji labarin. "In na ɗiba, gado biyu za mu nema."

"Ɗibi rabi, Oga. Don Allah."

"Nemo wani. Soja ya bayar watan jiya. Saura Aaron."

Kafin ya tafi, sai da Muntasir ya leƙa ɗakin yara. Divine na kwance, leɓɓanta sun yi fari kamar ta lashi toka, numfashin sama-sama. Philip na tsaye jikin taga, ya harɗe hannuwa yadda ya saba tun yana soja.

"Kawu, an ɗiba?"

"Yanzu, Madam. Ledarsu ce ta yi wa jinina kaɗan, za ni sayo babba."

Ta yi ɗan murmushi. Keziah ta dube shi, ta dubi gwiwar hannunsa da ba auduga.

Dabai ba nisa, amma Aaron na gona can bayan dutse, ga rafi ya kawo. Muntasir ya yar da babur ya tsallaka da ƙafa, ruwa har ƙugu, yana ƙwala kira cikin dawa. Ana kiran la'asar suka shigo asibiti shi da Aaron, taɓo har wuya.

An riga an naɗe katifar Divine.

Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ko an ƙara jinin da wuya ta kai mako. Muntasir ya ji, amma maganar ta ƙi zama.

Aka binne ta a Dabai. Tun daga ranar, in ya tada babur da safe sai ya tsinci kansa yana jiran muryar nan ta bayan katanga: "Kawu, a hankali da jinina!" Sai ya kashe injin ya saurara. Kaji kawai.

Ran nan Keziah ta kira shi ta kan katangar. Ta rame, amma idanunta sun washe.

"Ƙanena, ka daina gudu na."

"Maman Divine, ni ne fa na..."

"Matar Mahuta ta tashi?"

"Ta tashi. Namiji ta samu."

"To." Ta murza bakin zani. "Ka san abin da ke damuna? Barci nake yi. Shekara tara ban yi barcin kirki ba, kunnena na kan numfashinta. Yanzu sai rana ta tashe ni. In na farka kunya nake ji."



Ta sunkuya ta ɗauko baƙar leda ta ɗora kan katangar.

"Tun ranar na saye su. Naka ne."

Ta koma ciki. Bakin ledar a buɗe yake: kwalbar malt ce da gwangwanin madara. Ya kai hannu, ya janye.

Har yamma suna nan kan katangar, yayyafi na sauka a kansu, takardar jikin gwangwanin ta jiƙe ta fara ɓarewa.