Kason Alhaji Nababa

Raudatu ta ci burki a ƙofar gidan Alhaji Nababa, jakar aikinta a kafaɗa. Ita kamfanin intanet ya ɗora a kan layin ƙauyen, kuma tun safe Ramlat ungozoma ke kiranta daga asibiti: ga mace a kan gwiwa, haihuwa ta zo da gardama, amma da Ramlat ta kira likitan Kano ta bidiyo sai hoton ya daskare.

Wayar intanet ɗaya ce ta gilas, siririya, ta shigo ƙauyen, ta rarrabu gida-gida daga akwatin da ke jikin falwaya a gonar Alhaji. Na'urar kamfani ke rabon: wanda bai taɓa kasonsa ba, sai ta miƙa wa mai buƙata. Yau kuwa na'urar ta nuna gidan Alhaji na ta zuƙar nasa ba tsayawa.

Raudatu ta yi sallama ta shiga zaure, ta tsaya cak. Wayoyi ne birjik a kan tabarma, ga talabijin, kowanne na ta zuba fim. Babu mai kallo.

"Baba, wannan fa?"

"Kasona nake tsarewa," in ji Alhaji, yana ɓare gyaɗa. "An ce in ban sha ba maƙwabta ake ba. A Watari na yi noman rani, yarinya. Wanda ya saki ruwansa ya ga bushewar tumatirinsa."

"Wannan ba ya ƙarewa, Baba. Kana nema za a dawo maka da shi kafin ka ƙifta ido."

"Haka masu rabon ruwa ma suke cewa."

Wayarta ta sake ruri. Ramlat ce.

Raudatu ta durƙusa nan bakin zaure, ta buɗe kwamfuta, ta shiga na'urar rabon. Ta sa asibiti a sahun gaba, kowa ya biyo baya. Fina-finan kan tabarma suka fara tsinkewa.

Alhaji ya miƙe. "Mayar, ko yau in tuge falwayar nan daga gonata. Mai kamfaninku ma ɗan abokina ne."

"Kira shi, Baba. Ka tuge kuma. Gidanka ma daga akwatin yake sha."

Ta kanga waya a kunne.

"Hoto ya dawo," in ji Ramlat. "Likita na ganin mai naƙudar. Kar ki bari a taɓa."

Raudatu ta rufe kwamfutar, ta rungume ta a ƙirji, ta gyara zama a bakin zauren.

"Ina nan sai ta sauka."